Yayyafin da ya cinye mini iri

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Habu, manomi daga karkarar Falanko, a ƙasar Damargu.

Bana na yi binne, na zuba gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, yadda marigayi babanmu ya saba. Wana Idi ya ce, "Habu, dakata, daminar yanzu ba ta da alkawari." Na ƙi ji. Aka yi ɗan yayyafi, gero ya tsiro, sai rana ta buɗe har kwana ashirin, duk ya ƙone.

Irin da baba ya bar mana saura tiya biyu, kuma rumbu babu komai. Manoman Damargu, ku ba ni shawara: in mayar da shi gona, ko in miƙa wa uwar yara ta daka?