Mama Ta Shiga Teku

CYNTHIA: Halo, Mama? Ina wuni?

MAMA: Wa ke magana? Rana ta haske gilashin wayar, ba na ganin suna.

CYNTHIA: Ni ce, Cynthia. 'Yarki ɗaya tak a duniya.

MAMA: A'a, 'yata! Lafiya lau. Ya aiki? Ya mijinki Mordecai? Ya jikata, ƙawata Angelina, ta daina tarin?

CYNTHIA: Duk lafiya, ta warke. Ya Anti Katumi?

MAMA: Tana wajen aiki a care home, gidan kula da tsofaffi. Matar nan ta riƙe ni a gidanta kamar uwa ɗaya ta haife mu. Wannan ƙarar fa?

CYNTHIA: Bas ne. Ina Aldwych, na fito cin abinci. Ya ƙafafun?

MAMA: Wace ƙafa? Likita ya yi gaskiya, rashin rana ne ya ci min ƙashi a unguwarmu Plumstead can London. Nan Eastbourne kuwa rana har ta yi min yawa. Na koma baƙa wuluk kamar ranar da na baro Jos.

CYNTHIA: Mun gode Allah. To yaushe za ki dawo? Sati biyu kika ce, ga shi summer na neman ƙarewa.

MAMA: Ke, garin nan ai na tsofaffi ne. A London ni ce kaka, a nan kuwa young lady suke ce min! Da yamma a kaɗa mana kiɗa a bakin teku, kowa da kujerarsa da ice cream ɗinsa. Matsala ɗaya, tsuntsayensu ɓarayi ne. Jiya wani ya fizge min kifi daga hannu, ya tsaya yana kallona.

CYNTHIA: Mama, tambayarki na yi.

MAMA: Kin san da can ƙauye ne? Likitoci suka ce ruwan gishiri magani ne, sai aka kawo 'ya'yan sarki su yi wanka. Shi ke nan, kowa ya biyo, otal-otal suka tashi. Wai har ɗan ɗaki ake yi mai taya, doki ya ja mace cikin teku don kada maza su ga ƙafarta. Turawan nan fa, da suke yawo tsirara yanzu!

CYNTHIA: Me ya sa muryarki ke rawa? Haƙoranki ne ke kaɗawa haka?

MAMA: Ɗan sanyi ne. Yanzu na fito, ban gama goge jiki ba.

CYNTHIA: Kin fito daga ina?

MAMA: Halo? Layin nan...

CYNTHIA: Layi lafiyarsa ƙalau. Daga ina kika fito?

MAMA: Daga ruwa.

CYNTHIA: Wane ruwa?

MAMA: Ruwa nawa ne a garin? Teku mana.

CYNTHIA: Yesu! Faɗawa kika yi?

MAMA: Da ƙafata na shiga. Mu bakwai ne, duk tsofaffin mata. Ina da hular roba ja.

CYNTHIA: Mama, wasa kike yi. Ke? Ke da ko bath ba kya yarda a cika? Ke da kika sa na je makarantar Angelina na ce a cire ta daga swimming, yarinya ta kwana tana kuka?

MAMA: Ni ɗin dai.

CYNTHIA: Yanzun nan zan yi miki booking ɗin jirgin ƙasa. Ki haɗa kayanki, Mordecai zai tare ki a tashar Victoria.

MAMA: Ba inda za ni.

CYNTHIA: Ruwa ya cinye min yaya, ba zai ƙara da uwata ba! Ina da shekara shida aka fito da shi daga kududdufin 'yan kuza a Bukuru, kina tsammani na manta? Tun daga ranar ko rafi ba ki bari na tsallaka ba.

MAMA: Ki rage murya, kina kan titi. Zauna, akwai wurin zama?

CYNTHIA: Ina bus stop.

MAMA: To zauna ki ji. Da na zo garin nan, kullum sai in sauko in sha rana a benci, amma bayana nake ba teku. Kowa na kallon ruwa, ni ina kallon motoci. Sai wata tsohuwa, Maureen, ta haura tamanin, fatarta kamar kilishi, ta zo ta zauna kusa da ni da jiƙaƙƙen gashi. Ta ce, my love, me tekun ya yi miki da ba kwa magana?

CYNTHIA: Kika ce me?

MAMA: Na buɗe baki zan ce ba komai, sai na ji na ce, ya ɗauke min Israel.

CYNTHIA: Mama... Kin kira sunansa.

MAMA: Na kira.

CYNTHIA: Tun da aka binne shi ban ji sunan nan a bakinki ba.

MAMA: Ni ma ban ji ba. Maureen ba ta ce min sorry ba. Ta ce gobe in zo da tsohon takalmi, don bakin tekunsu duwatsu ne, ba yashi. Da farko yatsu kawai na sa, na gudu. Sannan gwiwa. Matan nan suna ta yi min tafi kamar na ci jarrabawa.

CYNTHIA: Kuma duk kiran da nake yi kina ce min kina library.

MAMA: Ina zuwa library ɗin ma, a ina kike zato na ji labarin dokin? Ki bari in gama. Ranar Talata Maureen ta ce in kwanta a kan ruwa rigingine. Na ce Allah ya kiyaye. Ta sa tafin hannunta a gadon bayana, ta ce in kalli sama, in ja numfashi. Na kwanta ina karanta Ubanmu wanda ke cikin sama. Na ce mata, don Allah kar ki sake ni. Ta ce ai tun ɗazu na sake ki.

CYNTHIA: Wayyo, Mama.

MAMA: Ruwan ya riƙe ni, Cynthia. Ni da nauyina duka. Na yi kuka har na sha gishiri. Hannu ɗaya ne fa, a ƙarƙashin baya. Shi yarona bai samu ba. Ba wanda ya iya ruwa a gidanmu, balle ya koya masa.

CYNTHIA: Ki daina, za ki sa ni kuka gaban mutane.

MAMA: Yi abinki, 'yan London ba sa kallon kowa. Ki kawo min Angelina ranar Asabar.

CYNTHIA: A'a. A'a, Mama, ba zan iya ba.

MAMA: Wata rana za ta girma, ta bi ƙawaye wani wuri mai ruwa, ba ke ba ni. Me za mu ce mun ba ta ta tafi da shi? Tsoro?

CYNTHIA: In wani abu ya same ta fa?

MAMA: Iya ƙugu ne, ga lifeguard mai ceton mutane a zaune, ga Maureen a gefe. Kuma ni zan sa mata hannu da kaina. Halo? Kina nan?

CYNTHIA: Ina nan. Za ta yi murna, har ba za ta yi barci ba. Amma ni a kan duwatsu zan zauna, da takalmina a ƙafa. Kin ji ko?

MAMA: Na ji. Wayar nan tana kuka, caji zai ƙare. Ki taho da tawul uku.

CYNTHIA: Uku? Ke da ita, biyu ke nan.

MAMA: Ina da wata yarinyar da ban taɓa sa wa hannu ba.

CYNTHIA: Mama, na ce miki ni ba zan... Mama? Halo? Mama!