Miyar Lami

A tashar Gummi, wani dattijo ya dubi ledar maganin matar da ke zaune kusa da shi.

"Ke ma hawan jini?"

"Shi ne, Baba. Gishiri ya ja mini."

"Haka ni ma na ɗauka. Yau likita ya ce wani ƙullutu ne saman ƙodata. Shi ke sakin wani ruwa cikin jini, yana sa ƙoda riƙe gishiri, ko kaɗan na ci."

"Ashe ƙodar ba ta da laifi."

"Ita da matata Iyatu duka. Kullum ina mata faɗa kan miya, har ta daina sa gishiri. Shekara shida muna shan lami tare."

"In ka koma sai ka ba ta haƙuri."

"Ta rasu bara."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin. Kuma tana son gishiri."