Tsallen 'Yan Sanda Biyu

A ɗakin jiran likita, wani magidanci yana kallon fim a waya yana dariya. Matar da ke gefensa ta leƙa.

"Na 'yan sandan nan masu karate ne?"

"Na biyun ne, Hajiya, ya fi na farko. Kin ga inda suka diro daga bene, ankwa ɗaya a hannunsu?"

"'Ya'yana biyu sun gani. Jiya suka ɗaure hannuwansu da igiyar shanya, suka diro daga rufi. Ƙaramin har yanzu bai farfaɗo ba."

Dariyar ta tsaya. "Nawa ma biyu ne. Sau uku suka kalla."

"Wa ke tare da su yanzu?"

"Ba kowa."

Aka kira layinsa. Ya riga ya fita.