Sawun Shanuna a Kwazazzabo

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Iliya, manomi ne ni, ina noman shinkafa a fadama tsakanin Haɗeja da Kaugama. Ku yi haƙuri da ni, har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna abin da zan faɗa muku.

Ina da shanun huɗa guda biyu, Goshi da Baƙi. Tun suna 'yan maruƙa na raine su. Bara da bazara, ana sauran kwanaki kaɗan ruwan farko ya sauka, na tashi da safe na tarar da turke babu komai. An yanke igiya!

Ban yi addu'a ba, ba zan yi muku ƙarya a gidan Ubangiji ba. Adda na ɗauka da gorar ruwa. Matata Saratu ta riƙe mini riga tana cewa, "Baban Rifkatu, ka bari a kira Fasto." Na fizge na fita.

Na bi sawu har bayan jigawa, inda na haɗu da wani dattijo makiyayi, Malam Buba. Ya duba ƙasa ya ce, "Sun shiga kwazazzabo. Mu kanmu ba ma bi ta nan da dabba, gefensa zabtarewa yake yi. Ka jira a tara mutane."

Na ce, "Baba, wanda ya sace su bai jira kowa ba."

Shekarata arba'in a ƙasar nan, ban taɓa sanin akwai wuri irin wannan ba. Ruwan damina ne ya ƙwaƙule shi a cikin yashi. Da farko bangon iya kafaɗata yake, can sai ya fi tsayin ɗaki, can kuma sama ta koma kamar wani siririn ƙyalle. Saiwoyin aduwa suna reto a kaina. Babu iska ko kaɗan, rairayi yana ƙona ni ta cikin takalmin roba. Inda hanya ta rabu biyu, sai in tsuguna in nemi kashin shanu ɗanye in bi. Tun hantsi nake tafiya har rana ta take tsaka, ruwana ya ƙare. Abu ɗaya nake maimaitawa a zuciyata, inda zan fara saran ɓarawon.

Sai na ji kukan Baƙi.

A wani matsattsen wuri bango ya rufto. Baƙi yana tsaye yana kyarma. Goshi kuwa ƙasa ta binne shi, ƙahonsa da ƙafa ɗaya kawai ake gani, ya riga ya mutu. A gefensa ga mutum, yashi ya danne shi har ƙugu. Ya ɗago kai. Bitrus ne, ƙanin matata! Wanda ya shekara biyu yana cin tuwo a gidana! Wanda yake rera waƙa a ƙungiyar mawaƙan majami'ar nan!

Ya ce, "Yaya, ruwa."

Na ce, "Ruwa? Ka kashe mini Goshi kana roƙona ruwa?"

"Yaya, aikin Shaiɗan ne."

"Ka ƙyale Shaiɗan! Shaiɗan bai san inda nake ɗaure shanuna ba. Kai ne!"

Na ɗaga addar. Babu mai ganinmu. Da na sare shi na tura yashi a kansa, ruwan farko zai tafi da komai. Hannuna yana sama, sai na ji bakina yana ihu, ba da Bitrus ba, da Allah. Na ce, "Ya Ubangiji, kana kallo aka cuce ni! Da me zan yi huɗa? Me 'ya'yana za su ci? Ga shi ka kawo mini shi, kuma na san ba ka yarda ba. To, in kana so ya rayu, ka riƙe hannun nan, don ni ba zan iya ba!"

'Yan'uwa, ban ga haske ba, ban ji wata murya ba. Kawai sai na zube a rairayi ina kuka kamar mai takaba. Da na farga, da addar nan nake tonon ƙasa daga ƙafafunsa. Ina tono ina zaginsa, Allah ya gafarta mini. Ƙafarsa ta hagu ta karye. Na ɗaure ta da rigata, na ɗora shi a bayan Baƙi, na ja shi muka juyo. Sau biyu ina faɗuwa don ƙishi. Da la'asar sakaliya muka fito, iyalan Malam Buba suka ba mu ruwa, suka nemo keken shanu aka kai shi asibiti.

Bitrus yana raye. Ga shi can a benci na baya da sandarsa, shi ya yarda in faɗi sunansa. Da sa ɗaya da aron na maƙwabci na yi noman bara, rabin gonata ta kwana babu shuka. Ya durƙusa ya roƙe ni, na ce na yafe, amma wata safiyar sai na sake yafewa daga farko.

Ba ni na ceci Bitrus ba. Ni aka ceta! Da na sare shi, da yau mai kisan kai ne yake kwana kusa da 'yar'uwar wanda ya kashe. Na gode wa Yesu! Kai da kake zaune nan zuciyarka tana tafasa, kada ka jira ta huce kafin ka je gabansa. Ka je da zafinta, ka faɗa masa ko da ihu ne. Yana ji, kuma yana da ƙarfin riƙe hannunka. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin!