Ku Fitar da Kekunanku Daga Kwarin Yashi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, da iyalansa da sahabbansa.

Shugaban wannan zama, Alhaji Abdulganiyyu. Limaminmu, Malam Abubakar. Baba Tsoho, wanda ya riga mu duka shan ruwan garin nan. Dattawan unguwar Mansur da na Utaibiyya. Baƙinmu da suka iso bana. 'Yan'uwana mata da muke zaune tare a bayan wannan labule: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san muryar ba, ni ce Khadijatu ta layin maƙera. Shekarata ashirin da uku a Makka, a nan na haifi 'ya'yana, a nan na binne mahaifinsu. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama. Na san a cikinku akwai wanda bai ji daɗin jin muryar mace a taron maza ba. To, ni ma ban so ba. Na aika saƙo ba a ji ba, na taka da ƙafata har sau biyu ba a ji ba, shi ya sa yau za a ji ni a gaban kowa.

An tara mu ne a kan maganar masauki. Yaƙin Turawa ya ƙare, hanya ta buɗe, mutanenmu na ta kwararowa fiye da yadda muka saba gani. Mafi yawansu ba su da halin kama ɗaki. Wasu sun iso da 'yan kekunan jaki masu rumfar tabarma, a ciki suke kwantar da tsofaffi da yara, a gefe su kafa hema. Abin da suke nema bai wuce fili ba, inda ba wanda zai ce su biya haya, ba wanda zai tashe su. Filin akwai. Zan faɗi wurare uku, kuma duka ukun na taka su a makon nan. Amma tilas in fara da wurin da ba a sauka, domin gida bakwai sun riga sun kafa zango a can.

Ina nufin Kwarin Yashi, wannan shimfiɗaɗɗen kwari da ke bayan unguwarmu. Wanda kuwa ya kai su can ɗana ne, Mukhtaru. Ba ɗan fari ba ne, saboda haka zan kira sunansa da ƙarfi. Mukhtaru, na san kana wajen ƙofa, kada ka sulale. Ranar da na ji abin da ya yi na kira shi na ce, "Kai, ina ka sauke baƙin Allah?" Ya ce, "Ya Ummi, wurin a baje yake, keke na shiga ba wahala, ga yashi mai laushi." Na ce, "A garin nan aka haife ka. Ka taɓa ganin Balarabe ya gina ko da akurkin kaji a wurin?" Ya ce, "Ma'alesh, ya Ummi, kwana nawa ne duka?" Ma'alesh, wai ba komai! Yaron da ya ga ambaliyar shekara huɗu da suka wuce da idonsa, shi ne yake ce mini ma'alesh. Laifin nan rabinsa nawa ne, tunda ni na rene shi, kuma na karɓa.

Sai na tafi wurin jagoran ayarin, Malam Wada kafinta, wanda shi ya ƙera yawancin kekunan nan da hannunsa. Malam Wada, kana nan, kai ne shaida idan na ƙara ko na rage. Na same shi yana gyaran ƙafar keke. Na gaishe shi, ya amsa da mutunci. Na ce, "Malam, nan hanyar ruwa ce." Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai na gani. Ni jikan fatake ne. Mu da rani a cikin rafi muke zango, mu tona yashi mu sami ruwa. Yanzu a gida an gama girbi, ruwan sama ya ɗauke sai baɗi." Na ce, "A gida ke nan. Nan fa?" Ya ce, "Sama ɗaya ce, Hajiya." Da na koma karo na biyu bai ma ajiye gudumarsa ba. Cewa ya yi, "A gaida gida, Allah ya saka da alheri." Wato in tafi.

Jama'a, ku saurare ni da kyau, musamman baƙi. Malam Wada ba wawa ba ne. Abin da ya faɗa gaskiya ne a Kano, gaskiya ne a Katsina, gaskiya ne har a Sudan inda na yi makaranta ina yarinya. A can damina tana da lokacinta, rani yana da nasa, kuma hadari yakan haɗu a gabas kowa ya gan shi ya kwashe shanya. Wannan sanin ne ya kawo ku lafiya tsawon hanya, kuma shi ne zai halaka ku a nan. Makka ba ta da damina. Sai a shekara ba a ga ɗigo ba. Idan kuwa ruwan zai zo, ya fi zuwa a daidai wannan lokaci da kuke kira farkon rani, lokacin da zafi ya fara sauƙi. Kuma ba lalle ya zuba a kanku ba. Can kan duwatsu zai zuba, inda ba ku gani, ku kuna zaune rana na dukanku. Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka sai ya gangaro, ya haɗu a kwari, ya taho da duwatsu da itatuwa da matattun awaki. Mutanen nan suna kiransa sel. Tsakanin jin ƙuginsa da isowarsa, mace ba ta gama ɗaura goyo ba.

Sannan wannan yashi mai laushi da ɗana yake yabo, shi ne tarkon. Keke ya kwana uku a kansa da kaya, ƙafafunsa sun nutse. Jiya na ga maza huɗu suna fama da keke guda don su juya shi kawai. Da rana ke nan, hankali kwance, ba abin da ya biyo su.

A waccan ambaliyar, wadda ruwa ya shiga har cikin Harami, ni ina cikin matan da suka yi wankan gawa a unguwar nan. Mata shida na wanke. Ba zan faɗi yadda muka same su ba, akwai 'yan'uwansu a nan. Abu ɗaya zan faɗa: biyar daga cikinsu baƙi ne, kuma dukansu a kwari suka sauka, saboda wurin a baje yake. Wanda yake shakka, ya je Kwarin Yashi ya ɗaga kai ya dubi itacen ƙaya da ke tsakiya. Akwai tsumma da karmami maƙale a reshensa, sama da kan dogon namiji. Ba tsuntsu ne ya kai su can ba.

Kuma shekaranjiya matar da ke kawo mana nonon awaki daga bayan gari ta ce mini kwana uku ke nan suna ganin walƙiya ta wajen Ɗa'ifa, sun riga sun kora dabbobinsu tudu. Makiyayi ya kwashe akuyarsa, mu mun bar mutane.

To, ga wuraren da za a sauka.

Na farko, Tudun Dawuda, wanda muke kira da sunan maƙerin da ya fara zama a kansa. Yana nan arewa da kwarin, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. Ƙasar tsakuwa ce mai tauri, keke ba ya nutsewa, kuma zai ɗauki keke goma sha biyar ba a matsu ba. Ku hau ta yamma, inda gangaren yake da sauƙi. Ta gabas jaki zai durƙushe. Aibinsa ba zan ɓoye muku ba: ba inuwa, ga iska, turke kuma ba ya shiga ƙasar, sai dai ku ɗaure igiyar hema a jikin manyan duwatsu. Kada kowa ya ɗaga dutse da hannu, a fara juya shi da sanda, akwai kunama. Bazan, wato wurin ɗiban ruwa, yana da 'yar tazara, mai tulu zai yi rabin sa'a zuwa. Na san za a ce da nisa. Da nisa, ƙwarai. Ni na fi son in ga mace ta gaji da ɗaukar tulu a kan in wanke ta.

Na biyu, gindin dutsen da ke bayan Utaibiyya. Wannan ya fi dacewa da masu tsofaffi da marasa lafiya, domin daga azahar dutsen yana ba da inuwa. Hanyar ƙunci gare ta, ƙaramin keke kaɗai ke wucewa, kuma gida biyar ya ishe shi. Makiyaya suna bi ta nan safe da yamma. Kada ku tare musu hanya, ku riƙa gaishe su, za ku sami nono, za ku kuma sami labarin sama kafin kowa. Amma ina da kashedi. Akwai 'yan itatuwan ƙaya a wurin, kuma na san halinmu: Bahaushe ya sauka, abu na farko sai ya ɗauki gatari. Nan cikin hurumin Harami kuke, ba a sare itace mai rai, ba a tuge ciyawa. Bara wani ya yi, har yana alfahari ya tara wa matarsa makamashi. Ka yi tafiyar shekaru don neman gafara, ka iso ka fara da saɓo saboda tuwo! Ku tsinci busasshe da ya faɗi da kansa, ku haɗa da kashin raƙumi, yana ci sarai.

Na uku, filin da ke wajen Aziziyya, a hanyar Mina. Yalwa gare shi, ko keke nawa ne zai ɗauka, kuma ranar fita Mina kun riga kowa. Sai dai ya yi nisa da Harami, na masu ƙarfin ƙafa ne. Can ma akwai kwari, saboda haka ku hau inda ƙasa ta tashi, ku kuma ja da baya daga hanyar raƙuma da motoci.

Duk inda kuka sauka, ku haƙa rami nesa da hema, ta inda iska ke tafiya, ku kewaye shi da tabarma, ku rufe shi ranar tashi. An ba ku wuri kyauta don ba na kowa ba ne, amma idan kuka bar ƙazanta, baɗi za a kori waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, a ce ai halin Takari ne. Mu da muke zaune a nan mu ke shan wannan kunyar shekara da shekaru, kuma mun gaji.

Na dawo kanka, Malam Wada. A cikin kekenka akwai mahaifiyarka, Iya Maryama. Ta faɗa mini da bakinta shekara tara kuka yi a hanya, kuna noman audugar mutane kuna matsawa gaba, har ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Ta ce ba abin da ya rage mata a duniya sai ta tsaya a Arfa. Saura kwana goma sha biyu. Ka ɗauko ta daga ƙasar Kano, ka ƙetare da ita teku, sannan ka ajiye ta a bakin ruwa, matar da ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta. In sel ya zo, kai za ka iya gudu. Matarka Sa'adatu za ta iya, ko da goyo. Ita fa?

Ba na jiran amsarka, domin na riga na ji ta sau biyu. Ga abin da ya faru. Da hantsin nan, bayan kun taho wannan taro, mu matan layin maƙera mu takwas muka shiga kwarin. Na tambayi Iya Maryama ko tana so ta tashi. Ta ce, "'Yar nan, tun ranar da kika fara zuwa nake so, ba a tambaye ni ba ne." Muka ɗora ta a kan gadon igiya muka ɗauko ta a ka. Yanzu haka tana Tudun Dawuda a ƙarƙashin rumfar da muka kafa, ta sha kunu, tana jan carbi. Sa'adatu da yara suna tare da ita, haka matan sauran gidaje shida, ba wadda muka ja da ƙarfi. Abin da ya rage a Kwarin Yashi kekuna ne da jakuna da tukwane. In ka ga na shiga hurumin da ba nawa ba, ga liman, ga shugaba, ka kai ƙarata, zan amsa. Amma uwarka tana tudu, kuma ta ce in faɗa maka ba za ta sauko ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon kada a watse daga nan zuwa gida. Kekuna goma sha ɗaya ne, sun nutse, suna bukatar maza da igiya da allunan katako. Mukhtaru ne zai shige gaba, tunda ya san hanyar shiga, sai ya koyi ta fita. In aka tashi yanzu, kafin la'asar an gama.

Allah ya karɓi aikin baƙinmu, ya nuna wa Iya Maryama Arfa da idonta. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya sa mu ne na ƙarshe da za mu ga irin wannan. Allah ya ba mazanmu kunnen jin magana ko daga bayan labule ta fito, ya shirya mana 'ya'yanmu, nawa da naku. Allah ya tashe mu lafiya.

Igiyoyin suna ƙofar gidana. Na gode.