Ba Tabo a Jikina, Amma Furata Ta Yi Kwantai

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza mai fura, daga wani ƙauye kusa da Maijirgi.

Babana yana da kuturta, yana shan magani, ni ke yi masa wanki da abinci. Bara ma'aikatan lafiya suka zo suka goga mana auduga cikin hanci, suka ce za a yi awo a nemo ƙwayar cutar tun kafin ta fito a fata. Muka yarda.

Da sakamako ya dawo, sai aka sa mai shela ya kira ni, kamar yadda ake kiran mutane rigakafi. Ran kasuwa ya tsaya da gangarsa ya ce Hadiza mai fura ta je likita kan awon kuturta. Ina tsugune ina damu, sai na ga kowa ya aje ludayi.

Da na je, lokotoro, wato babban likita, ya ce an ga ƙwayar a hancina, amma cutar ba ta kama ni ba, ya ba ni magani. Wa zai ji wannan? Furata ko kyauta ba mai karɓa. Maƙwabciyata da muke shan ƙwarya ɗaya ta ce, "Yaya Hadiza, yi haƙuri, ina da yara."

Na nuna musu hannuwana har na gaji. Don Allah masu sauraro, ku ba ni shawara. Baba ciwonsa a fili yake, in ya warke za a gani. Ni da ba ni da tabo ko ɗaya, me zai warke a jikina su yarda?