Maganin Ƙara Garkuwa

A bencin ɗakin jiran likitan mata, wani bakanike ya rungume leda cike da kwalabe. Dattijuwar gefensa ta leƙa.

"Ɗana, kanti za ka buɗe?"

"Na matata ne, Mama. Ɓari huɗu ta yi, wannan cikin kuwa sai ya zauna. An ce garkuwar jikinta ce matsalar, shi ne nake ɗura mata maganin ƙara garkuwa."

"Likitan ne ya ce ta yi rauni?"

Bai taɓa shiga wurin likitan ba, kullum a bencin nan yake jiranta, kamar yau.

"'Yata ma ta sha ɓari, amma garkuwarta ba rauni ta yi ba," in ji dattijuwar. "Maigadi ce mai zafin kai. Rabin ɗan na uba ne, baƙo ne a jikin uwa. Sai ta sassauta kafin ya kama mahaifa."

"Wato maigadin nake ƙara wa sanda?"

"Ni ba likita ba ce. Ga ƙofa nan."

"Duk mata ne a ciki."

"Su kaɗai suka yi cikin?"

Ya miƙe ya ƙwanƙwasa.

"Likita, mijinta ne. Akwai abin da nake ba ta wanda ba ka sani ba."